Injin da na kwance na bari a fadamar Argungu

Shekara goma sha biyu na yi ina gyaran injin ban-ruwa a wata rumfa a Gwadangaji. Ni Kirista ne, iyayena sun zo Birnin Kebbi daga Filato tun ina goye, kuma a nan na koyi sana'ar. Manoman shinkafa daga Zauro har Argungu sun san ni. Sai dai a lokacin kunyar aikin nake ji. Ranar Lahadi a coci nakan ɓoye hannuna saboda baƙin man da ya ƙi fita daga farcena, ina kallon masu wa'azi ina ce wa raina su ne Ubangiji ya kira, ni kuwa ya manta da ni cikin fulogi da fistin. Ban taɓa gode masa a kan rumfar nan ba, kullum roƙona ya raba ni da ita.

Wata shekara, cikin tsananin zafin Maris, wani dattijo Musulmi da na daɗe ina yi wa gyara ya kira ni fadamar Argungu. Injinsa ya tsaya, shinkafarsa kuma ta fara ciki, lokacin da ba ta jure ƙishi. Na kwance injin, na zuba kayan cikinsa a buhu, na ce masa jibi zan dawo. Washegari wani abokina ya zo da labarin taron azumi da addu'a na mako uku a wani gari mai nisa, domin masu neman sanin kiransu. Na kulle buhun a rumfa, na kashe waya, na tafi, ina ganin na zaɓi Allah na bar duniya.

A mako na biyu na zauna da wani tsohon fasto, na zayyana masa komai. Bai yaba mini ba. Ya tambaye ni wa ke ba gonar dattijon ruwa yanzu. Na ce ban sani ba. Ya ce in tashi in koma, domin wanda nake nema a nan ya riga ya ba ni aiki, ni na ajiye na gudu.

Da na ɗauko buhun a rumfa na isa fadamar, ƙasa ta tsage, shinkafar ta zama kamar ciyawar rani. Maƙwabtan dattijon sun ara masa inji sau biyu, amma kowa na fama da tasa gonar. Sau uku dattijon ya hau mota ya zo rumfata ya tarar da kwaɗo. Na haɗa injin cikin awa ɗaya, ya tashi, ruwa ya kwarara kan abin da ya riga ya mutu. Na tsaya ina kallo, babu abin da hannuna zai iya. Na durƙusa na fashe da kuka.

Dattijon ya dafa kafaɗata ya ce, "Mi kaka yi ma kuka, ɗana? Na ɗauka wani abu ya same ka. Tunda ka dawo lahiya, alhamdulillahi."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Abincin gidansa na shekara ne ya tafi, buhu biyu na shinkafa da na kai masa daga baya ba su toshe komai ba. Bai sake noman rani ba har ya rasu.

Ina nan a rumfata. Kowace safiya kafin in ɗauki sifana nakan gode wa Ubangiji, duk da nauyin bai bar ƙirjina ba. 'Yan'uwana masu bi, kada ku raina aikin da ke gabanku kuna jiran wani kira mai girma. Kafin ku tafi neman Allah a nesa, ku duba wa ke tsaye yana jiran ku dawo.