Muhawarar Aji da Ta Raba 'Yata da Jami'a

A lokacin ni matar direba ce a wani ofishin jakadanci a Alƙahira, muna haya a unguwar Faisal. Karatuna bai wuce firamare ba, amma gidana da tsari yake tafiya. Kowace Juma'a ina tuƙa tuwo da miyar kuka, ɗalibai 'yan ƙasarmu masu karatun addini su taso daga unguwar Hay el-Sabi' su ci har su suɗe hannu. Mama suke kirana. Babbar 'yata, wadda ta yi makarantar Faransanci a Maradi, tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta siyasar Faransa ta yau da zamantakewar mutanenta. Ban fahimci karatun ba. Na dai san tarbiyyar da na ba ta, kuma kullum da hijabinta take shiga mikrobas, ƙaramar motar haya ta can.

Zan jero abin yadda ya faru. Da farko, malaminsu ya shirya muhawara a aji kan dokar Faransa da ta hana 'yan mata rufe kai a makarantun gwamnati. Aka jefa ƙuri'a, ta faɗo wa 'yata ta kare ɓangaren gwamnati. Ta gaya mini a kicin tana dariya, na ce ta yi aikinta da kyau ta samo maki. Ta kuwa yi. Wata 'yar ajinsu ta ɗauka a waya, abin ya yi yawo har ya faɗa hannun ɗaya daga cikin masu cin tuwona, wanda yake jin Faransanci. Shi ya yanko tsakiya, ya ɗora fassarar Hausa, ya tura zauren ɗalibai na waya. Ya jefar da farkon, inda malami ya bayyana yadda aka raba ɓangarori, ya jefar da ƙarshen, inda ta ce a nata ra'ayin dokar zalunci ce.

Na biyu, maganganu suka soma iso mu. Wani ya ce Faransa ta shanye ta tun ba ta taka ƙasar ba. Wani ya ce hijabin nata na shiga mota ne kawai. Matar da muke cefane tare ta tare ni a bakin gidan burodi, ta tambaye ni ko madam 'yar Paris ta tashi lafiya. Juma'ar da ta biyo na tuƙa tuwo kamar kullum, ya huce a kwano, ba wanda ya zo.

Na uku, manyan ɗalibai suka zo gida da rawunansu. Shugabansu ya ce mini, Mama, su sun yarda da bayaninmu, amma jama'a ba sa jin dogon zance. Yarinya ta fito ta nemi gafara a taƙaice, khalas, shi ke nan, wuta ta mutu. 'Yata ta tambaye shi gafarar me za ta nema, alhali aikin makaranta ta yi. Ya ce ai ba a rasa abin istigfari. Mahaifinta yana tsoron maganar ta kai wurin aikinsa, ni kuma na ɗauka masu ilimi ba za su kai mu rami ba. Muka lallashe ta. Ta tsaya a falona tana kuka ta ce ta tuba, su kuma suna ɗauka. Wannan bidiyon ya fi na farko gudu, domin kowa ya ce da ba ta yi laifi ba da ba ta tuba ba. Ya isa Maradi kafin mu kira gida. Yayan mijina ya bugo waya ya ce a sako ta jirgi, in ba haka ba babu shi babu mu. Ta tafi ana gab da jarrabawar ƙarshe.

Bayan tafiyarta, 'yar ajin nan ta turo mini cikakken bidiyon. Na sa aka fassara, na tura wa zauren, na tura wa shugaban, na tura wa yayan mijina. Ba wanda ya tura wa wani. Shugaban ya ce ya yi tsawo, zai duba in ya samu sarari. Wanda ya yanka bidiyon kuwa na haɗu da shi a tasha, ya sunkuyar da kai ya ce ma'alish, a yi haƙuri, Mama, kishin addini ne. Na wuce abina.

Yanzu 'yata tana sayar da atamfa a shagon ƙanwata a Maradi. In na ambaci jami'a a waya sai ta kau da zancen, ta tambaye ni ya ciwon ƙafata.

Iyaye, ku ji daga gare ni. In an kawo muku guntun magana a kan ɗanku, ku nemi farkonta da ƙarshenta kafin ku motsa. In kun tabbata bai yi laifi ba, kada ku bari kowa, komai girman rawaninsa, ya sa shi ya ce ya tuba don a zauna lafiya. Wannan kalmar ce za a riƙe, ba bayaninku ba. Masu turawa kuma, na bar ku da Allah. Wasunsu sun soma aiko gaisuwa, suna tambaya ko Mama ta dawo da tuwon Juma'a. Tukunyar na ba mai gadin gidanmu.