Graciete Mai Ɗaga Wanda Ta Kayar

Ja kujerar nan ka zauna, ka bar tsayuwa a bakin ƙofa kamar mai jiran jirgin fito. Gahawar da sauran zafi. Kafin ta huce zan ba ka labarin Dona Graciete, matar da Allah ya ba ƙarfin kayar da mutum, amma ya hana ta zuciyar barinsa a ƙasa.

A nan Barreiro aka haife ta, a nan ta tsufa, in dai haura hamsin tsufa ne. Gidan kula da tsofaffi na bayan tashar jirgin ƙasa take aiki, kuma fiye da rabin rayuwarta a can ya tafi: ɗaga wannan daga gado, zaunar da wancan a kujera, tallabo wata daga banɗaki. Ban da wannan ta yi jinyar mahaifiyarta, ta yi ta surukarta, ta yi ta mijinta Custódio lokacin da ya faɗo daga tsani. Kafaɗunta sai ka ce na masu sauke kaya a bakin kogi. Ko a layin sayen burodi wani ya yi tuntuɓe, kafin ya kai ƙasa hannun Graciete na ƙarƙashin hammatarsa.

Wata Lahadi da safe ta shigo zauren wasanninmu don ta kawo wa maƙwabciyarta hular kwano da ta manta a gida. Sai ta tsaya baki buɗe tana kallon mata a kan takalman taya suna zagaya fili suna bangazar juna. Kocinmu Ivone, 'yar ƙaramar mace mai muryar mutum uku, wadda ke sayar da kifi a kasuwa sauran ranakun mako, ta dubi kafaɗun nan kamar yadda mahauci ke duban sa.

"Baiwar Allah, kin taɓa hawa taya?"

"Ni? Ko keke ban iya ba."

"Madalla, ba ki koyi abin banza ba ke nan. Ku ba ta takalmi."

Ni a ƙungiyar ba na hawa taya. Ni ce mai riƙe agogo a bencin hukunci, inda alƙalin wasa ke turo mai laifi ta zauna rabin minti ta yi nadama. Daga wannan benci babu abin da ke wuce idona.

Derbi kuwa, sunan wasan ke nan, ba shi da wuyar ganewa. Kowane ɓangare mata huɗu ne ke yin katanga, ta biyar ɗinsu tana da tauraro a hula, ita ce ke neman ratsa katangar abokan karawa. Duk wadda ta wuce, maki ne. Masu katanga da ƙugu da kafaɗa suke ture, an hana sa hannu. Wadda ta faɗi ta dunƙule yatsunta kada taya ta bi ta kai, ta miƙe da kanta. Ba a tsayawa, sai in an ga alamar rauni na gaske, lokacin ne ake hura usur kowa ta durƙusa.

Graciete ta sha ƙasa a watannin farko, ba a magana. Tana zuwa aiki da shaidar faɗuwa shuɗi da kore a cinya, tsofaffin suna tambaya ko Custódio ne ya fara abin da bai saba ba. Amma da ƙafarta ta zauna a kan taya, sai ta zama wani abu daban. In ta tsuguna ta kafa ƙugu, masu tauraro kan daki bayanta su dawo kamar sun daki motar kwashe shara. Yaran suka sa mata Inna, ita kuma kowa 'yarta ce.

Sai matsalar ta fito.

Ranar da ta fara kayar da mutum da gaske, wata yarinya ce mai aikin banki ta zo da gudu, Graciete ta ba ta ƙugu, yarinyar ta tafi tana gangarawa har wajen layi. Muka ɗauki ihu. Kafin ihun ya sauka, Graciete ta bar katangarta ta bi ta.

"Wayyo 'yata, sannu! Ina ne ya bugu? Riƙe wuyana."

Ta ɗaga ta cak, ta karkaɗe mata wando, ta gyara mata hula. Yarinyar kuwa ta ce na gode Inna, ta bi ta gurbin da Innar ta bari, ta kwashe maki.

Ivone ta cire usur daga baki a hankali.

"Graciete, wa ya aike ki?"

"Ai faɗuwa ta yi."

"Ke kika kayar da ita! Aikin ke nan!"

"To na kayar, na gama aikin. Sai kuma in bar 'yar mutane a ƙasa kamar buhun dankali?"

Mun ɗauka abin na rana ɗaya ne. Ina! Hannun da ya saba ba ya jin kira. Ta kayar, ta ɗaga. Ta kayar, ta ɗaga. Har masu tauraro suka gano, in sun gaji sai su nufi wajen Inna su zube, sun san za a tashe su a shafa musu baya, ƙofa kuma ta buɗe. Alƙali kuwa yana ganin ta kama abokiyar karawa da hannu sai ya turo min ita. Bencina ya zama kamar ɗakinta. Har 'yar jakarta take ajiyewa a ƙarƙashi.

Ivone ta gwada dabaru. Ta sa mata lemun zaƙi ɗaya a kowane hannu, ta ce kada ta sake su har a tashi. Graciete ta kayar da wata, ta sunkuya ta ɗago ta da gwiwar hannu, sannan ta ɓare mata lemun. Aka ce ta riƙa rufe ido in ta ture, ta rufe, ta kayar da 'yan ɓangarenta biyu da alƙali, ta buɗe ido ta ɗaga su duka ukun.

Ana nan sai aka sa mana ranar wasa a Porto, wasan gaske, da 'yan kallo da riguna masu suna a baya. Ivone ta cike gurabe, saura ɗaya. Kowa ya san Graciete na son gurbin nan, ko da yake ba ta faɗa a fili ba. Ni ta faɗa wa, wata rana tana zaune a bencina tana haki.

"Kin san ni tun ina yarinya ni ce mai riƙe wa mutane jaka. Bikin wani, jana'izar wani, wasan ɗan wani. Ban taɓa shiga wuri an kira sunana don ni ba, sai don a ce zo ki kama nan. Sau ɗaya dai nake so in ji an kira."

Na ce lokacinta ya cika ta koma fili.

Kafin tafiya Porto akwai taron horo na kwana biyu a zaurenmu. Mata suka zo daga Coimbra, daga Évora, har daga Faro, suka kwana a ƙasan ɗakunan mutane, aka cika teburin bakin ƙofa da gasasshen kifin sardin da burodi da tukunyar miyar kabeji ta Graciete. Al'adar irin wannan taro, a rana ta biyu ana gauraya kowa, masu baƙar riga da masu fara, a rubuta wa kowa lamba a dantse, a kara. Da safen ranar Ivone ta tare Graciete a gabanmu.

"Ki saurare ni da kyau, Dona Graciete." In Ivone ta sa Dona, magana ta girma. "Yau in kika ɗaga mutum ɗaya, ko da ɗan yatsa, Porto sai dai ki je kallo. In kika ƙare wasan nan ba ki ɗaga kowa ba, rigar taki ce."

"Ko da ta yi kuka?"

"Ko da ta kira sunan uwarta."

Aka sa Graciete cikin masu baƙar riga. Mai tauraron farare wata ɗaliba ce daga Coimbra, Telma, siririya kamar sandar rake, gashinta rabi kore. Ba ta san Graciete ba, ba ta san labarin Inna ba. Ita dai ta ga babbar mace ta tare hanya.

Zagayen farko Graciete ta yi ta kauce wa ture. Tana tare hanya dai, amma ba ta kai ƙugu, don ta san in ba ta kayar ba babu wanda za ta ɗaga. Ivone ta gane.

"Wayo kike min? Na ce kada ki ɗaga, ban ce ki zama gunki ba!"

Graciete na juyawa ta amsa, Telma ta shigo ta ƙasa, ta sa kafaɗa daidai ƙirjinta. Ban san ta yaya ba, amma dutsen nan ya tashi. Graciete ta faɗi warwas, ƙarar har teburin sardin. Rabon da a gan ta a ƙasa tun watannin koyo.

Ga abin da na gani daga bencina. Ta kwanta rigingine, ta miƙa hannu sama. Ba ta ji ciwo ba, jira take. Tayoyi suna wuce ta hagu da dama, 'ya'yanta da ta sha ɗagawa kowacce ta sa ido gaba. Telma ta tsallake ƙafarta ko waiwaye babu. Hannun nan yana sama shi kaɗai kamar na mai tsayar da motar haya a ranar yajin aiki.

"Au," in ji Graciete, da ƙarfi yadda kowa ya ji duk da robar kare haƙora da ke bakinta. "Haka abin yake?"

"Haka yake, Inna!" wata ta amsa tana wucewa. "Tashi, ana cin mu!"

Ta juya, ta kafa gwiwa ɗaya, ta dafa, ta miƙe. Fuskarta ta yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Ta koma katanga.

Telma ta zagayo, tana ganin yadda ta sami hanya ɗazu haka za ta samu yanzu. Wannan karon Graciete ta tsuguna, ta jira ta, ta ba ta ƙugu ɗaya mai lafiya. Yarinyar ta tashi sama, ta sauka, ta tafi da ciki har gaban 'yan kallo.

Dukanmu Graciete muke kallo. Jikinta ya juya da kansa. Ƙafa ɗaya ta fita daga katanga. Hannuwanta suka buɗe. Ivone ta riga ta ɗaga usur. Sai Graciete ta damƙe hannuwan nan ta maƙale su a bayanta, ta mayar da ƙafar, ta ci gaba da tafiya.

Muka fara tafi. Da ma a nan ta tsaya.

Amma hannu ya ji magana, baki bai ji ba. Dokar wasa ce robar kare haƙora ba ta fita daga baki matuƙar kina cikin fili. Graciete ta tofo robar a tafinta, ta waiwaya, ta buɗe murya irin wadda take yi wa kurman tsofaffi.

"Gwiwa ɗaya tukuna, 'yata! Kada ki yi garaje! In kin ji jiri ki zauna! Akwai miya a tukunya!"

Usur. Alƙali ya nuna mata bencina, yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Kafin ta iso, Telma ta miƙe tuni, ta ratsa katangar da ta rage mutum uku, ta yi ta kwasar maki kamar mai tsince wake. Da wannan farare suka ci wasan.

Graciete ta zauna kusa da ni, na danna agogo.

"Ban taɓa ta ba," ta ce. "Ke shaida ce."

"Ni agogo nake kallo, Inna."

"Maƙaryaciya."

Bayan an tashi aka taru a teburin abinci, gardama ta kaure. Wasu suka ce sharaɗi dai hannu ne, kuma hannu bai taɓa kowa ba. Wasu suka ce ɗagawa ɗagawa ce, ko da baki aka yi ta, kuma ga shi ta jawo an ci su. Telma tana shan miya kwano na biyu ta ce ita dai tunda take ba a taɓa kayar da ita da daɗi haka ba, a ba Inna riga. Aka ce mata ta yi shiru, ita ba 'yar gari ba ce.

Ivone ta gama cire ƙayar kifinta tukuna. Sannan ta buɗe jaka ta jefa wa Graciete rigar a fuska.

"Na faɗa a gaban mutane, ba zan lashe amaina ba. Amma wallahi a Porto in kika cire robar nan, da gam zan manne miki ita a baki."

Graciete ta buɗe rigar ta juya bayanta, ta daɗe tana kallon sunanta. Sai ta ninke ta da kyau ta tura cikin jaka, ta ce wa Telma ta ƙara burodi, ta rame da yawa.

Har yau rabin ƙungiyar na cewa Ivone ta yi sassauci, rabi na cewa alkawari ta cika. Kai da kake zaune ka bar gahawarka ta huce, da usur ɗin a wuyanka yake ranar, za ka ba ta rigar ko za ka hana?