Ranar da na yi wa dangi gwalo

Da likita a Dogon Dutsi ya duba sakamakon jinina, sai ya ce kitse da sukari sun hau, hantata ma ta tara kitse. Ya ce in bar maiƙo, in rage shayi, in riƙa tafiya da ƙafa.

Ƙanena, wanda ke saro wayoyi daga Sin, ya ƙi yarda. "Yaya, can ba a tsotse wa mutum jini. Harshe kawai suke dubawa." Wai ya san wani likitansu, hoto kaɗai zai tura masa.

Ni da na tsufa a lakwal, wato makarantar boko, ina horon yara kan gwalo, sai ga ni tsakar gida da furfurata, harshe waje, yana ta "ƙara fiddo shi, Yaya."

Da ya tashi turawa, sai ya jefa hoton a zauren WhatsApp na dangi. Surukaina ma na ciki! Har yau jikoki in sun gan ni sai su rufe baki.

Daga baya amsar Sin ta zo: wai danshi da zafi sun taru a jikina. In bar maiƙo, in rage zaƙi, in riƙa tafiya. Abin da aka faɗa mini ke nan tun bakina na rufe.

Innarmu a Kieche ita ma an nuna mata hoton. Ba ta ko dubi harshen ba. Ta ce ɗanta ya rame, ta aiko da ƙwarya cike da man shanu.