Ranar da Ruwan Mayo Ya Shiga Aksul ɗin Motar Surukina

Mun tashi daga Mubi ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina, a motar surukina, tsohuwar a-kori-kura mai ja da taya huɗu. Taki za mu kai gonata da ke bayan Muchalla. Jama'a, aron motar suruki ba wasa ba ne. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ta bakin matata na roƙa, ta bakinta kuma aka ce in dawo da ita kafin magariba, yadda na same ta.

An kwana ana ruwa, hanya duk jar laka. A Muchalla muka tsaya muka sayi gasasshiyar masara, mai arha har sai da na ji haushin masu sayarwa a Mubi. Gaba kaɗan muka tarar mayo, wato rafi, ya kawo, 'yan acaɓa na ɗaga baburansu suna haurewa. Abokina ya ce mu jira ya janye. Ni kuwa da jira ba ma ga maciji. Na sa giyar taimako na afka, ruwa har ƙofa, muka ɗan kafe a tsakiya kafin ta fizge ta fita.

Mun sauke taki, mun sake haurowa, sai na fara jin wani kuka daga baya. Na tsaya a gaban wani injin niƙa. Mai injin, wani dattijo, ya leƙo ya ce, "Ɗana, motar nan ya sha ruwa." Na kwanta ƙarƙashi na ɗan sassauta notin ƙasa na aksul ɗin baya, inda haƙoran da ke juya tayoyi suke. Abin da ya ɗigo ba baƙin mai ba ne, fari-fari ne mai kauri, alamar ruwa ya gauraya da man. In na ja ta haka har Mubi, haƙoran ciki za su cinye juna.

Na tura abokina Mubi a acaɓa ya sayo man giya, har da na akwatin giyar taimako, wanda ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Na zauna, na tashi, na zaga motar, na sake zama. Matar dattijon ta kawo mini kunun gyaɗa, na kasa sha, don kamarsa ɗaya da abin da na gani yana ɗiga.

Zaman ya gagare ni. Na ce bari in rage aiki, na tara tsohon galan, na kwance notin ƙasa, gurɓataccen man ya tsiyaye tas. Sannan na kai sifana kan notin sama, inda ake ɗura sabo. Ko motsi. Na danna, na taka da ƙafa, na buga da dutse, kan notin ya fara cinyewa. Na zubar da tsoho, ƙofar sabo ta ƙi buɗewa, motar mutane ta zama ba ta gaba ba ta baya. Wallahi tsoro na ji, ba na motar ba, na tsugunawa gaban surukina in ce na baro ta a ƙauye.

Abokina ya dawo bayan azahar, ya ga halin da nake ciki, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, wa ya aike ka?" Na miƙa masa sifana. Har la'asar muna fama. Daga ƙarshe dattijon ya ba mu aron wani dogon bututun ƙarfe, muka zura shi a hannun sifana, muka danna mu biyu da bisimilla. Notin ya yi ƙara ya saki.

Gorar ruwa muka huda muka sa mata tiyo. Ina kwance cikin laka ina matsawa, man na bin hannuna har hammata, sai da ya fara dawowa ta bakin ramin na ɗaure. A aksul ɗin gaba da akwatin giyar taimako, na sama na fara kwancewa, ba sai an gaya mini ba. Tsohon man kuwa dattijon ya karɓe, wai zai shafa wa ginshiƙan rumfarsa saboda gara.

Mun kamo hanya kunnena na baya, kowane rami sai na rage gudu. Kukan bai dawo ba. Ana kiran magariba muka shigo Mubi. Na tsuguna daga nesa, ina warin man giya, na faɗa wa surukina duk abin da ya faru. Ya tashi, ya duƙa ya shafa notin da na cinye wa kai, ya shige masallaci. Tuwo ma ban iya ci ba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: in mota ta shiga ruwa a duba manta, a fara da notin sama, in an ce jira kuma a jira. Washegari matata ta dawo daga gidansu da saƙo. "Baba ya ce notin nan ya gagari makanikai, shi ya sa tunda ya sayi motar ba a taɓa canza man ba. Ya ce makulli na nan, in za ka kwaso amfanin gona kada ka sake aiko ni, ka zo da kanka."