Shekarar da Baba Ya Ga Teku

Wata safiyar Laraba ce cikin kaka, ina aji uku a elementare ta Tambuwal, Turawa ba su kai ga tafiya ba. Mun shigo aji jiki duk ƙaiƙayi, don kafin a kaɗa ƙararrawa sai kowa ya taya kwasar dammunan gero, ya kora awaki bayan gari. Malam Umaru, wani dogon mutumin Dogon Daji da tari ba ya rabuwa da shi, ya dube mu muna gyangyaɗi, ya rufe littafi. Ya ce kowa ya zaɓi abu guda da ya taɓa faruwa a gidansu, ya tambayi mutum biyu daban-daban, gobe ya zo ya faɗi inda bakinsu ya zo ɗaya da inda ya rabu. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji shi.

Ni aikin bai dame ni ba. Gidanmu akwai labarin da ko awaki sun haddace: shekarar da fara ta cinye gero, Baba ya tafi cin rani Kurmi har ya ga teku. Da la'asar in ya zauna kan buzu yana gyaran ƙotar fartanya, yaran unguwa sukan bar langa su kewaye shi. Sai ya kawo dakon da ya yi a bakin jirgi, da ruwan da ba a hangen ƙarshensa, da turmin atamfar da ya sayo wa Inna. Da labarin nan nake taƙama a makaranta, kamar ni na je.

Saura mutum na biyu. Na sami Inna tana surfe, ta kore ni, wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da na dame ta da cewa Malam zai bulale ni, sai ta ba ni nata labarin shekarar, taɓarya ba ta tsaya ba. Rumbu ya ƙare tun rani bai raba ba. Ta yi wa mutane daka ana sallamarta da dusa, ta tone gidan tururuwa tana tsintar ƙwayar hatsi. Daga baya ta bar ni wurin kakata, ta goya ƙanwata Hassi, ta nufi Kebbe wurin yayyenta roƙon dawa. Nono ya ƙafe. A hanyar dawowa ta ji goyon ya yi sanyi a bayanta, amma ba ta sauke kwaryar da ke kanta ba, don ina gida ina jira. Baba kuwa da ya dawo, ce masa aka yi zazzaɓi kawai ya kashe Hassi.

"Shi yag ga teku," ta ce, "ni hanyar Kebbe nig gani."

Washegari na faɗi duka biyun a aji. Malam Umaru ya tambayi yara wa ya yi ƙarya. Sai shi da kansa ya ce babu. Labari guda ne, rabinsa kawai aka daɗe ana ba ni.

Da yamma Baba ya kira ni da fara'arsa, yana son jin yadda 'yan makaranta suka ji labarin tekunsa. Na kwashe duka na gaya masa. Ya ajiye fartanya, ya juya wajen madafa inda Inna take.

"Ashe a ƙasa kinka tafi?"

"Jakinmu ai shi anka saida don guzurinka," ta ce, ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Daga ranar Baba bai sake ba da labarin teku ba. In yara suka roƙa, sai ya ce ya gaji. A lokacin na gane dalilin da atamfar nan take kwance a ƙasan adudu, ba a taɓa kai ta wurin tela ba.

Yau na tsufa, tunanin abin ma gajiyar da ni yake. Samarinmu suna tafiya Legas, su dawo da babur da hotunan teku a waya, a kewaye su kamar yadda muke kewaye Baba. Ina kewar muryarsa a kan buzun nan, ba zan ɓoye ba. Amma duk sanda wani ya fara labarin tafiyarsa, idona yakan koma kan wadda ke tsaye bakin turmi.