Sarkin Wake Na Gangara

Na saurari rediyo a ƙasashe da dama, kuma kowace ƙasa da abin da take so a faɗa mata. A Kumasi, inda na daɗe ina sayen goro, mutum bai gama mutuwa ba sai an karanta sunansa a rediyo, haɗe da na 'ya'ya da jikoki da ɗan da ke ƙasar waje. A Sudan na ji ana jera sunayen mamata cikin Larabci mai sanyi, kowa ya yi tsit har a ƙare. A Abijan kiɗa ne da gardamar ƙwallo, da Faransanci mai gudu kamar an biyo shi da sanda. Mu kuwa nan ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, abin da muke so shi ne a gaishe mu. Ko duniya ke tashi, a fara gaishe mu tukuna, labarin tashin ya biyo baya.

Da can akwatin rediyo ɗaya ne a unguwa. Bayan la'asar a ɗora shi bisa tabarma, a ja eriya, a yi ta murɗawa har a kamo gidajen Turai. Mun haddace sunayen ministocin ƙasashen da ba za mu taɓa takawa ba, amma abin da ya faru a Turba sai ranar kasuwa muke ji. Sai zamani ya juya, ƙananan gidajen rediyo suka tsiro kamar ciyawar damina. Na birnin jiharmu muryarsu kan gaji a hanya, kafin ta iso mana ta koma shuu, sai ka ɗaura waya a gora ka kafa bisa soro. Wanda ke shigo mana tangaram wani ƙaramin gida ne a tsallaken iyaka, cikin Nijar. Hausarsu tamu ce, sai ɗan Faransanci da suke barbaɗawa kamar yaji.

Da safe mai maganin gargajiya ne ke sayen fili, ya lissafa cututtukan da ko likita bai san da su ba, duk kwalba ɗaya ke kashe su. Da hantsi sojojin bakan 'yan siyasa su karɓa, su zagi wanda suka yaba bara. Labarai kuwa daga waya ake karanto mana su, waɗanda mu ma mun ji a tamu wayar tun jiya. Abin da ke riƙe da gidan shi ne filin gaisuwa na bayan la'asar, lokacin da ake buɗe layi. Wanda ya samu shiga sai ya gaida mai gabatarwa, sannan ya bi 'yan'uwansa masu kira ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsa da kirarinsa. Wanda aka gaida kuma dole gobe ya rama, ya ɗan ƙara gishiri bisa wanda aka zuba masa. Yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba.

Taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, yana zaune a Gangara. Manomi ne, yana da rumbu biyu da jaki da wani babur da sai an tura shi yake tuna aikinsa. Bayan kaka yakan sayi ɗan wake ya kai kasuwannin tsallake. Wannan filin gaisuwa ya shiga jininsa. Ya sayi layin Nijar musamman dominsa, kuma da yake sabis ba ya sauka ƙasa a gidansa, bisa katangar garka yake hawa ya kira, dattijo da furfura, matarsa na riƙe masa tsani tana Allah-ya-sauwaƙe.

Wata rana ya aika wa mai gabatarwa tsarabar wake da ƙwan zabi. Daga ranar ya zama mai wake na Gangara. Wani mai kira daga wajen Isa ya ga abin ya yi kaɗan, ya ce sarkin wake. Wani ya ƙara masa Alhaji, alhali ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Ni da na je Makka ta ƙasa sai da na sha wuyar Chadi da Sudan, shi rediyo ya kai shi ya dawo da shi yana bisa katanga. Kafin a yi wani girbi an ba shi sito. Sannan aka ba shi tirela, sannan tirelar ta haihu. Idan na zolaye shi in ce ya ara mini ɗaya in kai taki gona, sai ya ce hassada ce irin ta wanda ya zaga duniya ya dawo babu mai gaishe shi ko a lasifikar masallaci.

Da a wani zamani ne da a dariya abin zai tsaya. Amma wannan lokaci ne da mai saniya ke cewa ta maƙwabci ce, mai sabuwar riga ke sa tsohuwa bisa, saboda mutanen daji masu bindiga da ke ɗaukar duk wanda suka ji yana da abin hannu. Kowa na ɓoye abin da yake da shi, taubashina na biyan katin waya ana shelar abin da ba shi da shi.

Wanda ya farkar da ni wani Bafulatani ne mutumin Turba, tsohon abokin cinikina, wanda shi ma an kore masa garke ya dawo da sanda kawai. Ya ja ni gefe a kasuwar Sabon Birni, ya juya harshe zuwa Fulatanci don kada na kusa su ji. Ya ce a wata mashayar dabbobi an tare wani ɗan'uwansa an tambaye shi wane gida ne na sarkin waken nan na Gangara, kuma tirelolin a ina suke kwana. Ya ce in gaya wa ɗan'uwana, rediyo ba ya zaɓen kunne, su ma can suna da batir.

Na aika aka kira taubashin. Ya fara da dariya, ya ce ai kowa ya san wasa ne. Na tambaye shi wane ne kowa. Ya cire hula, ya mayar. Daga ranar ya daina kira, amma shirun nasa sai ya zama wani abin yabo: masu kira suka ce harkoki sun yi wa Alhaji yawa, Allah ya ƙara buɗi. Muka ga babu mafita sai mu je gidan rediyon da kanmu mu roƙi a daina gaishe shi.

Kabu-kabu biyu muka hau, 'yan acaɓa ke nan, muka bi hanyar yashi muka ƙetare. Na taɓa shiga gidan rediyo a Abijan, mai bene da sanyi da masu gadi. Wannan ɗaki biyu ne da ƙarfe dogo a tsakar gida, an manna kwalayen ƙwai a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, ga akuya ɗaure a gindin farantan hasken rana. Shugaban gidan, wanda suke kira mushe direkta, wato malam darakta a Faransancinsu, ya tarbe mu da shayi da kuka. Wuta ba ta zuwa, batiran sun tsufa, idan hadari ya rufe rana sai shiri ya mutu a bakin mai magana. Samari sun koma kallon waya. Ƙwararrun ma'aikata sun tafi birni, saura masu sa kai. Ya ce ba don mai magani da filin gaisuwa ba da tuni ya mayar da ɗakin wurin ajiyar albasa.

Da aka ce ga sarkin wake, mai gabatarwa ya fito da gudu ya durƙusa. Ya dubi tsofaffin takalman taubashina ya ce haka manyan gaske suke, ba su son nuna kai. Taubashina ya yi ta kewaye-kewaye, don a wurinmu ka ce wa mutum ya daina gaishe ka daidai yake da ka ce kun ɓata. Mai gabatarwa ya fahimci abu ɗaya: wani gidan rediyo ya sace musu Alhaji. Ya fara rantsuwa zai ƙara masa kirari.

Sai na ajiye kunya na yi wa direkta bayani da Faransanci, dalla-dalla, don Faransanci ba shi da kara. Fuskarsa ta canza. Ya dafa ƙirji ya ce ran mai sauraro ya fi komai, shi da kansa zai ɗauki mataki, mu tafi da kwanciyar hankali. Na fito ina jin daɗin kaina, ina gaya wa taubashina amfanin yawon duniya.

Muna isa Sabon Birni ana buɗe fili. Muka zauna a zaurena muka kunna. Direkta ne da kansa, da muryar sanarwar gwamnati. Ya ce hukumar gidan na sanar da dukan masu sauraro cewa daga yau an hana gaida babban attajirin nan, Alhaji sarkin wake na Gangara, saboda dalilan tsaro, domin miyagu sun sa ido kan dukiyarsa. Kuma Alhajin ya tako da ƙafarsa ya nemi haka. Ya maimaita da Faransanci, sannan aka maimaita da Fulatanci, don kada wani ya ce bai ji ba.

Taubashina ya dube ni.

"Wanga shi na aikin Faransancin naka?"

"Ai ka ji, bai yi kuskure ko ɗaya ba," na ce.

"Da ka bar ni da Hausata, da yanzu tirela ɗai anka ƙara min."

Aka buɗe layi. Babu wanda ya gaishe shi, gaskiya sun bi doka. Jaje suka yi ta yi masa, kowa da garinsa, Allah ya tsare Alhaji, Allah ya tsare sito, Allah ya tsare motoci.

Bai sake kwana a Gangara ba. Ya kwaso matarsa da abin da babur zai iya ɗauka, matar ta shiga cikin gida wurin iyalina, shi ya shimfiɗa tabarma a zaurena. Abin da ke cin sa gona ce. Ruwa ya sauka, maƙwabta sun yi shuka, tasa na kwance, kuma gonar nan ita ce dukan tirelolinsa. Kullum la'asar yana zaune gaban akwati kamar mai jinya, ba ya iya kira, ba ya iya kashewa.

Da masu kira suka ga ba a jin ɗuriyarsa, sai suka nema masa wurin zama. Wani ya ce ya ji Alhaji ya koma Sakkwato. Mai kiran da ya biyo bayansa ya ga Sakkwato ta yi kusa ga mutum irin wannan, ya ce Abuja, gida mai bene. Na ga taubashina ya zaro waya.

"Ƙarya ta, wallahi. Za ni kira in gaya musu ina nan."

"Kira," na ce. "Ka faɗi unguwa, ka ce zauren da ke kallon masallaci, kada su sha wuyar nema."

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya tura ta ƙarƙashin tabarma. Gidan rediyon bai taɓa gyara labari ba tun da aka kafa shi, bai kuma fara a kansa ba. Cikin 'yan kwanaki Abuja ta tabbata, har da masu cewa sun gan shi a can cikin mota mai baƙin gilashi.

Sai ya fara komawa gona da rana. Ya fita da sassafe cikin tsohuwar taguwa, ya yi shuka ko da ta makara, ya dawo zaurena kafin magariba. Wata rana ya dawo ya zauna ya sha ruwa. Sannan ya ce yana cikin noma wasu mutum biyu bisa babur suka tsaya a bakin gona, bai san su ba, bai kuma tambaya ba. Suka ce gonar wa ce wannan. Ya ce ta Alhaji sarkin wake ce. Suka ce ina Alhajin. Ya ce yana Abuja, shi ɗan ƙwadago ne kawai. Ɗayan ya dube shi tun daga rawanin tsumma har faso, ya tambaya ko Alhajin na biyansa da kyau.

"Mi kac ce musu?" na tambaye shi.

"Na ce tun da nike mai aiki ban taɓa ganin ko sisinai ba."

Ya ce mutumin ya girgiza kai, ya ce masu kuɗin nan ba su da imani, suka tayar da babur suka wuce. Waken bana bai yi yawa ba saboda makarar shuka, amma shi ya girbe abinsa.