Kwalba Biyu, Ciki Ɗaya

Shekara ashirin da uku Gwaggo Kwalba ta yi tana leƙa madubin likita a ɗakin gwaji na ƙaramin asibitin unguwa. 'Yan makaranta ne suka laƙa mata sunan, don duk wata shida sai ta bi aji-aji tana raba kwalabe, kowa ya kawo bayan gidansa na safe. Aikin da wasu ke toshe wa hanci, ita ko a jikinta. Ta shafa a gilashi, ta ƙirga ƙwan tsutsa, ta rubuta wanda zai sha magani. Ga faɗa kamar me, uwar da ta kawo kwalba ba suna sai ta gwammace ba ta zo ba.

Jikokinta biyu, 'ya'yan 'yarta, suna cikin waɗanda take dubawa. Sau uku sakamakonsu na fita fes. Amma ƙaramin, wanda take tsokana da “maigidana”, sai ramewa yake yi. Ciki ya turo, gashi ya yi ja, wasa kaɗan sai haki. Rannan ma ta kama shi yana lasar ƙasar bango. Abin ya tsaya mata a rai, sai dai ta ce ai da idonta ta duba, idon nan kuwa da shi take taƙama.

A zagaye na huɗu ta ɗora gilashin babban, ta ɗora na ƙaramin. Kala ɗaya, ɓurɓushin abinci iri ɗaya, alhali ƙaramin ya kwana biyu ba ya cin abin kirki. Ta rufe ɗakin da rana tsaka ta nufi gidan 'yar.

“Kwalbar yaron nan, wa ya cika ta?”

'Yar ta sunkuyar da kai. “Inna, ba ya iya yi da safe. Ke kuma kin san faɗanki in an makara. Sai in ɗebi na yayansa in raba biyu.”

“Tun yaushe?”

“Tun farko.”

Yaron na kwance a tabarma, ko “matata” bai iya ce mata ba yau. Ta durƙusa ta ja fatar idonsa ƙasa. Fari fat, ba alamar jini.

“Ɗauko mayafinki,” ta ce a hankali, ta saɓa shi a kafaɗa. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Shekara ɗaya da rabi tsutsa na shan jininsa. Takardu ukun da suka ce lafiyarsa lau kuwa, duk ita ta sa musu hannu.